W1209: ɗan allon da ke riƙe wa kindirmo zafi a cikin kula, da wuraren da yake gazawa

Bahaushen da ke zaune a Legas, a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12, ba ya rasa gero da citta da kanumfari na fura. Nonon ne matsala. Wanda ake samu, sau da yawa ko zafin hanya ya tsamama shi ko an tsinka shi da ruwa, yogot ɗin kanti kuwa sukarinsa ya isa ya danne ɗanɗanon gero gaba ɗaya. Shi ya sa gidaje da dama suka koma haɗa kindirmo da madarar gari. Sai dai haɗin na da halinsa: yau ya kama ya yi kauri, gobe ya fito tsululu, alhali madarar ɗaya ce, hannun ma ɗaya. Galibi abin da ya raba jiya da yau zafi ne. Ƙwayoyin da ke juya madara zuwa yogot iri biyu ne, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, kuma sun fi aiki tsakanin digiri 40 da 45 a ma'aunin Salshiyas. Ɗakin Legas kuwa yawanci yana wajen digiri 27 zuwa 32, da damina ma ya sauka ƙasa da haka cikin dare. Nannaɗe tukunya da bargo na taimakawa, amma bargo ba ya ƙara zafi, rage gudunsa kawai yake yi.

A nan W1209 yake shigowa. Ɗan allon lantarki ne da bai cika tafin hannu ba, kimanin milimita 48 a 40, mai fuskar lamba uku, maɓallai uku, rile ɗaya (makunnin da allon ke kunnawa da kashewa da kansa), da wayar awo mai kan ƙarfe kamar harsashi. Yana cin wutar 12V, yana karanta zafi daga digiri 50 ƙasa da sifili har zuwa 110, a matakin 0.1. Aikinsa ɗaya ne: idan zafi ya sauka ya kunna abin ɗumamawa, idan ya kai ya kashe, ko akasin haka. Ana samunsa wurin masu sayar da ƙananan kayan lantarki a kasuwar Alaba International da ke Ojo, da wurin masu haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai, da shagunan intanet. Kuɗinsa na bin dala, amma a kullum yana cikin mafi araha a jinsinsa. A taƙaice ya cancanci saye don wannan aiki, muddin an bar shi a kan 12V, an kuma san inda za a ajiye kan awonsa.

Kuskuren farko da kusan kowa ke yi yana wurin haɗa waya. Bakuna huɗu ne a gindin allon: K0, K1, +12V da GND. Mutum sai ya ɗauka K0 da K1 wuta suke fitarwa, ya ɗaura musu ƙwan fitila, ya ji rile ya yi ƙas, ƙwan bai kama ba, sai ya ce an sayar masa da matacce. K0 da K1 makunni ne kawai, babu wuta a cikinsu sai wadda aka kai musu. Haɗin da ya dace shi ne: jar wayar adafta ta shiga +12V, baƙar ta shiga GND, a ɗauki guntuwar waya daga +12V a tsallaka zuwa K0, daga K1 a tafi ƙafa ɗaya ta abin ɗumamawa, ɗaya ƙafar ta dawo GND. Sukurorin bakunan ƙanana ne, idan aka matse da ƙarfi sukan murɗe daga jikin allon, don haka a riƙe bakin da yatsa yayin ɗaurewa.

Abin ɗumamawa mafi sauƙin samu shi ne ƙwan fitilar mota mai wat 21, irin na sigina ko na birki, wanda ake samu tare da mazauninsa a kasuwar kayan mota ta Ladipo ko wurin kowane mai gyaran wayar mota. Yana jan kusan amfiya 1.75. Gilashinsa na yin zafin da zai narka roba, saboda haka ba a barinsa tsirara cikin kula. A huhhuda tsohon gwangwanin madara, a kafa ƙwan a ciki, a ɗaure gwangwanin a kan ɗan katako a kusurwa ɗaya yadda ba zai taɓa bangon kula ba. A ƙara ƙaramar fankar kwamfuta ta 12V, a haɗa ta kai tsaye da adafta, ba ta cikin rile ba, don ta riƙa juya iska ko da ƙwan yana kashe. Idan babu fanka, kwalbar da ke kusa da gwangwani sai ta yi tsami ta tsage, ta nesa kuma ba ta kama ba tukuna.

A fahimci iyakar ƙwan nan tun da wuri. Kafin wat 21 ya ɗaga zafin lita 5 na madara da digiri ɗaya sai ya ɗauki kusan minti 16. Madarar da aka bari ta huce zuwa digiri 30 za ta ci fiye da awa uku kafin ta kai 43, kuma a tsawon wannan lokacin wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba suna samun dama. Ƙwan riƙe zafi yake yi, ba ɗumama madara ba. Madara ta shiga kula tana kan zafinta.

Akwai wata matsala da ke rikita mutane: rile na ɗaukewa sai lambobin allon su ɓace su dawo, ya sake ɗauka, su sake ɓacewa. Laifin ba na allon ba ne. Zaren ƙwan fitila idan yana sanyi yana zuƙar wuta ninki da yawa fiye da yadda yake ja bayan ya yi ja, na ɗan ƙiftawar ido. Adaftar da aka rubuta mata 2A, musamman marar nauyin nan da ake zubawa a faifai a bakin titi, takan durƙushe a wannan lokacin, allon ya mutu ya farfaɗo. Adafta mai 5A ta gaske tana kawar da wannan. Haka ma jera ƙwai biyu a layi ɗaya, wuta ta bi ta na farko ta shiga na biyu: haske da zafi su ragu, zuƙar farko ta ragu, ƙwan kuma su daɗe. Cajar laftof mai 19V kuwa kada a kusanta ta da allon, haka ma batirin inbata mai 24V.

Saitin ba shi da wuya, sai dai takardar bayani ba kasafai take zuwa tare da shi ba. Danna SET sau ɗaya, lamba ta fara ƙyaftawa, a sa 43 da maɓallin ƙari ko ragi. Riƙe SET na kusan daƙiƙa biyar shi ke buɗe jerin saituna, P0 zuwa P6. P0 yana zuwa a kan C, wato sanyaya, dole a mayar da shi H, wato ɗumamawa, in ba haka ba ƙwan zai kama ne lokacin da zafi ya yi yawa. P1 shi ne tazarar da ke tsakanin kunnawa da kashewa, daga masana'anta yana kan 2.0, wanda ya yi faɗi ga kindirmo. A sa 0.5 zuwa 1.0. Wasu kan sa 0.1 don neman daidaito, rile ya yini yana ƙas-ƙas har bakinsa ya ƙone, kuma madarar ba ta ma san bambancin ba. P2 da P3 iyakar sama da ƙasa ce ta abin da za a iya saitawa: a sa P2 a 46, yaro ko ya latsa ba zai kai shi 60 ba. P5 jinkirin kunnawa ne na minti sifili zuwa 10, don injin firij aka yi shi, a nan a bar shi sifili. Idan saiti ya cakuɗe, a cire wuta, a danne ƙari da ragi tare, a mayar da wuta, komai ya koma yadda ya zo.

Wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa: W1209 ba na kamfani ɗaya ba ne, masana'antu da yawa ke buga shi, kuma ba duka suke fassara P1 iri ɗaya ba. A wani, idan an sa 43 da tazarar 1, zai kashe a 43 ya kunna a 42. A wani kuma zai kunna a 43 ya kashe a 44. Minti biyar da kofin ruwan ɗumi sun isa a gane wanne ke hannu. A tsoma kan awon, a bar ruwan yana hucewa, a lura da lambar da ke fuskar allon lokacin da ƙaramar jar fitilarsa, mai nuna rile ya kunna, ta kama.

Kan awon shi ne wuri mafi rauni, kuma shi ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Abin da ke cikinsa NTC ne mai 10K, ɗan abin da turjiyarsa ga wuta ke raguwa idan ya ɗumama, wato a digiri 25 mitar awon lantarki za ta nuna kilo-om 10, zafi na hawa lambar na sauka. A ɗakin Legas mai digiri 30 za a ga wajen 8, a digiri 43 wajen 4.7. Wanda ya je kasuwa da mitarsa zai iya gwadawa a gaban mai shago: ya damƙe kan a tafin hannu, lambar ta riƙa sauka sannu a hankali ba tare da tsalle ba. Idan fuskar allon ta nuna LLL, a yawancinsu alamar waya ta katse ce ko filogin bai zauna ba. Kuma lambar da ke bayan ɗigo kada ta ruɗi mutum. Nuna 43.2 ba ya nufin zafin 43.2 ne, ana samun wanda ya kauce da digiri ɗaya ko biyu. Don haka aka yi P4, mai gyara har digiri 7 sama ko ƙasa. Legas na bakin teku, ruwa na tafasa a digiri 100 cif, ba kamar Jos ba inda tudu ke sa shi tafasa wajen 96, to amma gwaji a tafasasshen ruwa bai da amfani sosai a nan, domin kuskuren NTC ba ɗaya ba ne a kowane mataki. A gwada kusa da inda za a yi aiki. Ma'aunin zazzaɓi na kemis yana karanta har wajen 42 kuma daidaitonsa ya fi na allon nesa ba kusa ba. A haɗa ruwa mai digiri 39 ko 40, a ɗaure kawunan biyu da roba, a motsa ruwan, a jira minti biyu, bambancin da aka gani a shigar da shi P4.

Ana tallar kan awon da cewa ruwa ba ya shigarsa. Na kwana ɗaya, haka ne. Wanda aka bari cikin ruwan ɗumi mako bayan mako, danshi yakan sulale ta inda waya ta shiga ƙarfen, karatun ya fara kaucewa a hankali. Ba a kuma san irin ƙarfen da gam ɗin da aka yi shi da su ba, saboda haka kada a tsoma shi cikin madarar da za a sha. Barinsa yana lilo a iska ma kuskure ne: iska na zafi da wuri ta huce da wuri, sai allon ya kashe ƙwan alhali madarar tana 39. Hanya mafi kyau ita ce a manna shi a jikin kwalba ɗaya, a tsakiyar tsayin madarar, a gefen da ba ya kallon gwangwani, a rufe bayansa da guntun soso ko katifa, a naɗe da salatif. Da haka zafin kwalbar yake ji. Allon kansa a waje yake zama. Tsirara yake zuwa ba gida, kuma tururin cikin kula da laimar Legas, balle unguwannin da iskar teku ke kaiwa kamar Obalende da Ajah, suna sa maɓallansa tsatsa. Ƙaramar robar abinci mai murfi, a yanke mata taga, ta wadatar.

Yanzu madarar, domin allon ba zai gyara haɗin da aka ɓata ba. Ledar ruwa biyu lita ɗaya ce. Giram 130 na madarar gari mai cikakken mai a lita yana ba da kaurin madara ta yau da kullum, don kindirmon da ludayi zai yanka kuwa a kai 150 zuwa 170. Madarar buhu da ake aunawa a kasuwa sau da yawa an cire mata man shanu an sa man itace, tana kamawa amma ƙamshi da santsin ba ɗaya ba ne, mai neman ɗanɗanon gida ya karanta jikin buhun. A dama, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har digiri 85, a riƙe ta a nan minti 15 zuwa 20. Mutane na tsallake wannan mataki suna cewa ai madarar gari dafaffiya ce. Amfanin dafawar bai tsaya ga kashe ƙwayoyi ba, zafin yana sauya wani sashe na furotin ɗin madara yadda zai riƙe ruwa, shi ke hana kindirmo tsatsafo da ruwa a sama. Idan kuwa madarar shanu ce aka samo ɗanya, tafasawa wajibi ne, saboda tarin fuka na shanu da cutar burusela suna bi ta ɗanyen nono.

A sanya tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi har ta sauka 44 ko 45, sannan a zuba iri, cokali biyu na cin abinci a kowace lita. A fara dama irin da ɗan madara a kofi kafin a juye. Iri dole ya zama mai rai: kindirmon jiya mai kyau, ko yogot marar sukari daga firij. Na kwali da ke zaune a kanta wata da watanni ba firij an dafa shi bayan haɗawa, ƙwayoyinsa sun mutu, ko an kwana ana jira ba abin da zai faru. Yawan iri ma ba ya ƙara kauri, gudaji da tsami yake kawowa. A zuba a kwalaben da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a rufe, a jera a kula, kada a motsa. A digiri 43 yakan kama cikin awa huɗu zuwa shida, mai son tsami don fura ya bar shi ya kai takwas. Daga nan sai firij. Wanda ya fito da tsaki-tsaki da ruwa kore-kore a sama, zafi ya wuce 46 ko ya daɗe. Wanda ke yauƙi kamar kuɓewa, galibi zafi ya yi ƙasa ko irin ya gurɓata, a sake sabo. Wanda bai kama ba sam, ko iri matacce ne ko an zuba shi madara tana sama da 50.

Babbar falalar W1209 a Legas ita ce 12V ɗin nan da wasu ke ɗauka nakasu ne. Haɗin kindirmo na awa huɗu zuwa takwas ne, kuma ko a layin Ikeja Electric mutum yake ko na Eko, ba ya rantsuwa wuta za ta kai safe. Allon bai cin ko wat ɗaya, yana kuma riƙe saitinsa idan wuta ta ɗauke. Batirin UPS mai 12V 7Ah yana ɗauke da wat-awa 84 a rubuce, rabinsa ake so a ci don ya yi ƙarko, wato awa biyu na ƙwan a kunne ba hutawa. Tun da kula mai kyau ba ta barin zafi ya gudu da sauri, ƙwan na kamawa ne jefi-jefi, sai batirin ya ja lokaci mai tsawo. A sa fis mai 5A dab da kan batirin, wannan ba abin sakaci ba ne, domin batiri irin wannan idan wayoyinsa suka haɗu zai mayar da su garwashi.

Inda ba za a yaba masa ba shi ne wutar gida. A jikin rile na yawancinsu an rubuta 20A, amma a duba da kyau, a 125V ko 14V ne, wutar Najeriya kuwa 230V ce. Layukan jan ƙarfen da ke bayan allon sirara ne, tazararsu da ɓangaren 12V kaɗan ce, sukurorin a buɗe suke, ga hannun mai girki a jiƙe. Ana ganin masu ɗaura masa hita ko tukunyar shinkafa kai tsaye, kuma yana yi na wani lokaci, har ranar da bakin rile zai narke ya manne. Idan ya manne, allon zai nuna ya kashe, abin ɗumamawa kuwa yana ci gaba da ci. P6, ƙararrawar zafi, ba ta da ikon raba bakin da ya manne. Ko a kan 12V yana da kyau a jera ɗan makunnin zafi irin KSD9700 mai katsewa a digiri 55 ko 60 a layin ƙwan, a rataye shi cikin iskar kula nesa da gwangwani.

Mai son amfani da tukunyar shinkafa ta lantarki ya ƙara kuɗi ya sayi wani mai sarrafa zafin, STC-1000. Yana zuwa cikin gidansa, akwai mai cin wutar gida kai tsaye, rile ɗinsa na 10A ne a wutar gida, kuma ɗumamawa da sanyayawa kowanne da bakinsa. Tukunyar ta zama mai maɓallin dannawa na da, ba mai kwamfuta ba, domin mai kwamfuta idan aka yanke mata wuta ba ta tashi da kanta. A bar ta a matakin riƙe ɗumi, a zuba ruwa, a jera kwalabe a kan ɗan tawul. Matakin dafawa mai wat 500 zuwa 700 yana tara zafi a farantin ƙasa, ko an kashe sai ruwan ya ci gaba da hawa ya wuce inda ake so. Matakin ɗumin kuma shi kaɗai ba tare da mai sarrafawa ba yana kaiwa sama da digiri 60, wanda ya isa ya kashe iri. Raunin wannan hanya ɗaya ne, tana tafiya da NEPA.

Wajen saye, a nemi mai shago ya sa masa wuta a ga dukkan sassan lambobin uku suna kamawa, a danna kowane maɓalli, a ɗumama kan awon a ji rile ya amsa. A juya bayansa a duba dalmar ƙafafun rile da ta bakunan waya, wadda ta yi dusu-dusu ko ta dunƙule kamar ƙwallo a sake narka ta a gida. A sayi kan awo na biyu tun a ranar, domin shi ke fara mutuwa, kuma wayar da ke zuwa da shi gajera ce, da ƙyar take kaiwa tsakiyar babbar kula. Ana iya ƙara mata mita ɗaya ko biyu ba tare da karatun ya canza ba, muddin an like mahaɗar da dalma an rufe ta, a kuma bi da ita ta ƙarƙashin murfi nesa da wayar ƙwan.